Dokinka Ya Zo Na Ɗaya, Likita Ya Ce A'a

Akwai wani tseren dawaki da mutum zai riga kowa isowa, jama'a na tafi ana guɗa, kafin minti ashirin a ce masa bai ci komai ba. Ba na ɗaya ba, ba na goma ba, ko cikin waɗanda suka gama ba za a sa sunansa ba. Abin da ya jawo masa kawai, dokinsa ya ɗan ɗingisa a gaban likitoci, ko zuciyarsa ta ƙi lafawa. Tseren dogon zango ke nan. Babbansa kilomita 160 ne a yini guda, doki ɗaya da mahayi ɗaya, ba canji. A lissafinmu na nan, ka ɗaura sirdi da asuba a Ƙofar Doka ta Zariya, ka ce sai Kano kafin dare ya raba.

A gidan dawaki na tashi, a cikin birni. Ba mu da sarauta, amma turke bai taɓa zama ba doki a gidanmu ba, kuma har yau ina da akawal guda da nake fita da shi Hawan Sallah da Hawan Bariki da Daushe a bayan wani hakimi. Ƙanena kuma likitan dabbobi ne, a Samaru ya yi karatu. Shi ya jawo ni cikin wannan magana. Wata Sallah mun dawo daga hawa, ana kwance wa dokin kaya, sai ya zaro abin sauraron ƙirjinsa ya ɗora a bayan gwiwar hannun hagu, yana kallon agogo. Ya jira kamar rabin awa ya sake. Sannan ya ce, "Yaya, da a tseren dogon zango ne, da an fitar da kai tuntuni." Na ce wane tsere? Daga nan ne.

Ga yadda abin yake. Ba a sakin dawakin su yi ta gudu har ƙarshe. Ana yanka hanyar zango-zango, kowane zango ba ya wuce kilomita 40, kuma ƙarshen kowanne akwai shingen likitoci. Ba ka wuce shingen nan sai sun duba dokinka sun yarda zai iya ci gaba. Abu na farko bugun zuciya. Doki mai lafiya a turke zuciyarsa na bugawa sau 28 zuwa 44 a minti ɗaya. In yana sukuwa sosai tana iya haura 200. Dokar hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, mai hedikwata a Lozan ta ƙasar Suwizalan, ita ce sai bugun ya sauko 64 ko ƙasa da haka, kuma cikin minti 15 da isowarka. In minti 15 suka cika bai sauko ba, ka sauke sirdi, tafiyarka ta ƙare.

Wurin da ya fi burge ni shi ne abin da suka yi da agogo. Isowarka bakin shinge ba ta tsayar da lokacinka. Agogo na ci gaba da ci maka har sai ka shigar da dokin gaban likita an auna an ga zuciyar ta sauka. To ka ga mutum biyu: ɗaya ya taho a guje ya riga ɗan'uwansa da minti biyar, amma dokinsa sai da ya yi minti goma sha biyu kafin ya huce, ɗayan ya taho a sassarfa, da ya hango shinge ma ya sauka ya jawo dokin da ƙafa, minti biyu zuciya ta lafa. Na biyun nan shi zai riga fita zango na gaba. Ba a roƙi kowa ya ji tausayin doki ba, ba a yi wa kowa wa'azi ba. An ɗaure son ransa ne da lafiyar dabbar, ta yadda mai son ya ci dole ya tattala. Wanda ya tsara wannan ya san halin ɗan Adam.

Shi ya sa in ka ga doki ya iso shinge, masu hidimarsa ke rufar masa kamar masu kashe gobara. Wannan ya fizge sirdi, wancan ya kwara ruwan ƙanƙara a wuya da ƙirji da cinyoyi, wani na riƙe da na'urar awon zuciya yana kiran lamba: saba'in da biyu, sittin da takwas, sittin da huɗu, a shiga. In ka yi garaje ka shiga bai sauka ba, za a dawo da kai, ka ɓata lokaci, kuma dama ɗaya ta rage maka. Bayan ka tsallake ne ake ba ka hutun dole, yawanci minti talatin zuwa hamsin, doki ya ci ya sha, kai ma ka sa wani abu a ciki. Wannan hutun ba ya shiga lissafi, kuma ba ka isa ka rage shi ba ko da kana ganin dokinka garau.

Zuciya ƙofa ce kawai. Bayan ta akwai sauran dubawa, kuma ƙanena ya bi da ni ɗaya bayan ɗaya a jikin akawal ɗin nan har na iya. Za a ɗaga leɓe a dubi dasashi: mai lafiya jajaja-jajaja ne mai danshi, ba fari fat ba, ba ja wur ba, ba mai danƙo ba. A danna shi da yatsa har ya yi fari a saki, jini ya dawo kafin daƙiƙa biyu. A tsunkuli fatar kafaɗa a saki. In ta koma nan take akwai ruwa a jiki, in ta tsaya a tattare ruwa ya yi ƙasa. A kasa kunne a ciki wuri huɗu, sama da ƙasa, dama da hagu, a ji ko hanji na kuka. Wannan na ƙarshen ya fi ba ni mamaki, don mu a wurinmu cikin doki ya yi shiru ba abin magana ba ne. Ashe shirun ne abin tsoro. Doki in ya wahala, jini kan bar hanji ya koma tsoka da fata, hanjin ya tsaya, daga nan sai ciwon cikin nan da ke kayar da doki cikin dare yana birgima. Dawaki nawa muka ji sun mutu kwana ɗaya ko biyu bayan Sallah, aka ce kambun baka ne?

Sai a shafa gadon baya da wurin majayi a ga ko sirdi ya ci, a duba gefen baki ko linzami ya yanka, a taɓa tsokar ɗuwawu a ji ko ta sandare. Akwai wata alama da suke tsoro ƙwarai, in kwiɓin doki na zillo daidai da bugun zuciyarsa, tamkar shaƙuwa. Alama ce gishirin jikinsa ya rikice saboda gumi. Doki mai aiki cikin zafi na iya zubar da lita 10 zuwa 15 na gumi a awa ɗaya, kuma guminsa ya fi na mutum gishiri nesa ba kusa ba. In kuma ya yi fitsari baƙi-baƙi, tsoka ce ke lalacewa, ƙoda na cikin haɗari. A nan dai kakanninmu da suka dage a kan ba doki kanwa ba su yi wauta ba, ko da yake ƙanena ya ce kanwa kaɗai ba ta mayar da duk abin da gumi ya ɗauke.

Akwai kuma wata dabara da wani likita Ba'amurke, Kerry Ridgway, ya yaɗa. A auna zuciya, a sa doki ya yi sassarfa mita 40 ya dawo, minti ɗaya da fara sassarfar a sake aunawa. In lambar farko 60 ce ta biyu ma 60, lafiya lau. In ta biyu ta yi tsalle zuwa 68 ko 72, to dokin na ɓoye gajiya, ruwan sanyi ne ya danne lambar farko. Sassarfar nan ita ce kuma ake kallon ɗingishi da ita. Ba sirdi, ba mahayi, a saki igiya sakwa-sakwa don kada a tallafe masa kai, kuma ba a yarda wani ya bi shi a baya yana kora ba. In likitan da ke dubawa ya yi shakka, sai a kira uku. Doki ya sake sassarfa, kowannensu ya rubuta hukuncinsa a ɓoye ba tare da sun yi shawara ba, a miƙa wa alƙali. Biyu suka ce a'a, shi ke nan. Ba ɗaukaka ƙara.

Hikimar ukun nan ba sai an faɗa wa Bahaushe ba. Mutum ɗaya ana iya kallonsa a ido ya ji nauyi. Ana iya tuna masa wane ne ubangidan babansa. Uku masu rubutu a ɓoye, wa za ka riƙe?

Ƙarshen tsere ma haka. A can agogo na tsayawa da ka tsallake layi, amma cikin minti 20 sai ka kai dokin an duba, sau ɗaya tak, kuma ma'aunin shi ne a ga har yanzu zai iya ci gaba da tafiya in da akwai sauran hanya. Dokin da ya ba da duk abin da ke jikinsa ya iso a rarrafe bai gama ba a wurinsu.

Wasan a yadda yake yanzu daga Amurka ya taso. A 1955 wani mutum, Wendell Robie, ya ce dawakin zamaninsa na iya yin mil ɗari a yini guda kamar na da, shi da abokansa suka keta duwatsun Kalifoniya daga wajen tafkin Taho zuwa garin Oban. Shi ne ya zama gasar kofin Tevis da ake yi har yau, awa 24 ake ba mutum, kuma kusan rabin masu tashi ne kawai ke gamawa. Suna da wani kofi na biyu, Haggin, da ake ba wanda dokinsa ya fi ƙoshin lafiya cikin goman farko, a duba su washegari da safe, kuma da yawa cikinsu sun fi son wannan a kan na zuwa ɗaya. Ostareliya ta fara nata, Tom Quilty, a 1966. FEI ta karɓi wasan a 1982, aka yi gasar duniya ta farko a Italiya a 1986. Dawakin Larabawa ne suka mamaye shi, don ba su da nauyin jiki, fatarsu ba kauri, suna saurin hucewa.

Sauran dokokin ba zan ja su ba. Ba bulala, ba ƙaimi, sam. Doki bai shiga kilomita 100 sai ya shekara shida, bai shiga 160 sai takwas, gasar duniya sai tara. Sabon doki da sabon mahayi sai sun fara da gajerun zanguna, ba su wuce kilomita 16 a awa. A manyan gasa mahayi da sirdinsa sai sun kai kilo 75, in bai kai ba a ƙara masa nauyi, don kada a riƙa ɗora yara marasa nauyi a yi ta tsala gudu. Bayan gasa akwai hutun dole: wanda ya yi gajere kwana 5, wanda ya yi cikakken 160 kwana 33, in kuma ɗingishi ko rashin lafiya ya fitar da shi a ƙara masa. Magani mai kashe zafi haramun ne, ana ɗibar jini da fitsari.

Kada wani ya ɗauka wasan waliyyai ne. Da kuɗi suka shigo sai da aka ji jiki. Ƙasar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta rungumi wasan, Sarkin Dubai Sheikh Mohammed bin Rashid da kansa ya ci gasar duniya a Ingila a 2012, ɗansa Sheikh Hamdan ya ci a Faransa a 2014. Amma a hamada an share hanya ta yi sumul, motoci na bin dawaki a gefe ana miƙa ruwa, gudu ya haura kilomita 25 a awa a tseren da aka gina don tafiyar haƙuri. Ƙafafun dawaki suka riƙa karyewa a kan hanya. Wasu na yi wa doki allurar kashe jijiyar ƙafa don kada ya ji ciwo ya ɗingisa a gaban likita, sai ya yi ta gudu a kan ƙashin da ya tsage har ya ɓalle. Aka kuma gano gasannin da aka rubuta sakamakonsu a takarda alhali ba a yi su ba. A watan Maris na 2015 FEI ta dakatar da hukumar wasannin dawaki ta ƙasar gaba ɗaya na wasu watanni. Daga baya aka kawo gwajin taɓa ƙafa don gane wadda aka kashe wa jijiya, a 2020 kuma aka ƙara tsaurara dokoki. A cikin ƙasar ma an samu wanda ya ja da baya: marigayi Sheikh Sultan bin Zayed, a filinsa na Buzib, ya taƙaita gudu, ya mayar da mafi yawan kyauta ga dokin da ya fi lafiya. Sai kuma 2018 a Tirayon ta Amurka, inda aka soke gasar duniya ana tsakiyarta saboda zafi da danshin iska sun yi yawa, dawaki na ta cika asibiti. Mahayan da ke gaba sun yi fushi ƙwarai. Ni dai ina bayan likitocin.

To mu dawo gida. Hawanmu ba tsere ba ne, na sani, kuma ba na neman a mayar da Daushe gasar Turawa. Amma dubi abin da muke ɗora wa doki. Shekarun nan ƙaramar Sallah na faɗowa a Maris da Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da ko inuwa zafi take. A ɗaura masa sirdi mai nauyi da jalala da kayan ado tun hantsi, na 'yan lifida kuwa a lulluɓe yake ruf, iska ba ta taɓa fatarsa. Ya tsaya awa da awanni a rana ana jiran a jeru, a zaga gari, a ƙare da sukuwar jafi a ƙofar fada. Gobe a sake, jibi a sake. Mafi yawansu kuma wata da watanni suna turke suna cin dusa da harawa, sai Sallah ta matso a fara kilisa sati biyu. Dokin da ke yin kilomita 160 shekaru ake yi ana gina shi. Namu ƙiba muke kira kyau.

Sai maganar ruwa, wadda muka sha gardama a kanta da Baba, tsohon da ke kula da dawakin gidanmu tun zamanin mahaifinmu. A wurinsa doki mai gumi ba a ba shi ruwa, ba a kwara masa na sanyi, sai ya bushe, in ba haka ba jikinsa ya ɗaure. Ba shi kaɗai ba, Turawa ma haka suka yi imani da daɗewa, sai binciken da aka yi gabanin wasannin Olamfik na Atlanta a 1996, garin zafi, ya nuna ruwan sanyi mai yawa shi ne mafi saurin ceton doki, kuma ba ya ɗaure tsoka. Ƙanena ya faɗa masa haka. Baba ya ce, "Likita, kai da na goya?" Aka yi dariya aka bar maganar. Amma a ba shi haƙƙinsa: tsohon nan daga bakin zaure zai kalli yadda doki ya sauke kunne ya ce yau ba lafiya, kuma in an auna sai a tarar haka ne. Abin da likitocin can ke nema da na'ura, rabinsa yana idonsa. Abin da ba shi da shi, ikon ya ce wa maigida yau ba za a hau ba.

Nan ne gizo ke saƙa. Dawaki muna da su, 'yan Arewa masu jure wahala da ƙishi, waɗanda kakanninsu suka yi ta zirga-zirga tsakanin Zazzau da Kano da Katsina kafin a san kwalta. Mahaya muna da su. Likitoci kuwa ga tsangaya guda a Jami'ar Ahmadu Bello da asibitin koyarwarta, kowace shekara ana yaye su. Abin aunawa agogo ne da abin sauraron ƙirji, ba wani kayan miliyoyi ba. Amma ka hango yaro ɗan shekara ashirin da bakwai da farar riga, ya tsaya gaban mai rawani da zagage da maroƙa, dokin da aka saya da kuɗin mota, ya ce, "Ranka ya daɗe, a sauke sirdi, ƙafar dama ba ta taka daidai." Ranar nan sai an kira kawunsa a waya. Dokin mai baki ya fi gudu, in ji Hausawa, kuma a wurinmu ya fi lafiya ma, tunda ba mai iya cewa ga abin da ke damunsa.

Duk da haka ina ganin a wajen samari za a fara, ba wajen manya ba. Masu kilisar yammacin Juma'a da masu sukuwa a fili sun riga sun saba da gasa, kuma suna son abin da za su yi alfahari da shi. A ce lokacin hunturu, Disamba ko Janairu, a tashi bayan sallar asuba, kilomita 40 kawai, zango biyu, ta hanyoyin gona a bayan Kufena inda ƙasa ba ta cin kofato. A sa durom na ruwa a hanya. A ɗauko likitoci uku, zai fi kyau a ce ba 'yan gari ba ne. A faɗi doka tun kafin a hau, kowa ya ji da kunnensa, a kuma fara duba dokin mai shirya abin a gaban jama'a. Kyauta mafi tsoka a ba dokin da ya fi saurin hucewa. Fita waje da dawakinmu ba ma a maganarsa, cutar dawakin Afirka da ƙananan ƙwari ke yaɗawa ta sa ƙasashen Turai ba su karɓar doki daga nan kai tsaye, don haka abin namu ne a gida.

Matsala ɗaya da na hango tun yanzu linzami ne. Namu na gargajiya mai zobe an yi shi ne don tsayar da ingarma cak a tsakiyar sukuwa, kuma ya iya aikinsa, amma a yi awa huɗu da shi a baki, likita na ɗaga leɓe zai ga jini, dokar kuwa jini a baki na iya fitar da doki. Da ƙyar kuma doki ke shan ruwa a hanya da shi. Sai dai a koma ragama ko linzami mai sauƙi irin na 'yan folo, wanda ke nufin a sake horar da dokin da mahayin tare, don yawancinmu da ƙarfe muka iya magana da doki, ba da ƙafa da zama ba. Na gwada akawal da ragama zalla a hanyar Wusasa, ya tafi lafiya har sai da ya hango wata goɗiya.